Balan-balan, Botox ko POEM: yanda muka yi da wani mai akaleziya da muka karanta a baibai

Mutumin shekararsa 36, malamin makaranta ne, ranar da ya fara shigowa wajenmu abin da na fara lura dashi wata ƙatuwar gorar ruwa ce a hannunsa, matarsa kuma ta rungumo fayil da ya kumbura da takardu. Na buɗe fayil ɗin, gwajin bugun zuciya har sau uku duk lafiya lau, gwajin ƙwayar cutar olsa sau biyu kuma duk an bashi maganinta, sai takardun omefirazol, maganin rage asid ɗin tumbi, da ba sa ƙirguwa. Shekara uku kenan duk inda yaje sai a ce masa olsa ce. Ni lokacin ina shekara ta biyu a sashen cututtukan ciki ina koyon aikin endoskofi, wato leƙa cikin mutum da kyamara ta baki, a hannun oganmu, kuma in faɗi gaskiya tun yanzu, wata biyar ɗin da aka ɓata wa bawan Allahn nan da hannuna a ciki.

Nace Malam me ke tafe da kai? Yace likita abinci ne baya wucewa, ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa can ƙasa, yace nan yake tsayawa. In yana cin abinci sai ya miƙe tsaye, ya banƙare ƙirji, ya ɗaga hannuwa sama, ya kora da ruwa mai yawa, wani lokaci yaji abin ya faɗa wani lokaci kuma ya dawo yanda ya haɗiye shi. Nace ruwan fa, shi yana wucewa? Yace ina, har ruwan ma tsayawa yake, kuma tun farkon ciwon haka ne. Wannan amsar ita ce ta juya min tunani, dan in ƙari ne ko tabo ya tsuke hanya, abinci mai tauri ke fara maƙalewa, ruwa sai daga baya can. In kuwa tun farko da ruwa da abinci duk suna gardama, to matsalar a motsin bututun take. Matar ta karɓe zancen tace likita da dare ne abin tsoro, in ya kwanta sai kumfa ta dinga zubo masa ta baki har ta hanci, tawul nake shimfiɗa masa akan filo, ya farka yana tari kaman zai shiɗe. Ga kuma ciwon ƙirji, yace kaman an sa igiya an ɗaure ana ja, kusan kullum, ko yana cin abinci ko baya ci, shine ya kai shi wajen masu duba zuciya har sau uku.

Ga wanda bai sani ba, bututun abinci tsoka ce, tana matsawa bi da bi daga sama zuwa ƙasa tana tura loma. A can ƙarshe inda ya haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka da kullum a tsuke yake, sai an haɗiyi abu ya saki na ƴan daƙiƙu ya sake rufewa. A akaleziya, cutar da muka yi zargin ita ke damunsa, jijiyoyin da ke cikin bangon bututun, masu ba zoben nan umarnin ya saki, su suke mutuwa a hankali, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa, turawar ma ta lalace. Jijiyar da ta mutu ba a dawo da ita, dan haka duk maganin da ake yi daga allura har tiyata abu ɗaya yake nema, a karya wa zoben nan ƙarfi yanda nauyin abinci kaɗai zai iya ratsa shi. Cutar ba ta da yawa, kusan mutum 1 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, shi yasa likita zai iya shekaru yana aiki bai ganta ba, sai yayi ta rubuta maganin olsa. Kuma tsohuwar cuta ce, tun 1674 wani likitan Ingila Thomas Willis ya bada labarin wani da ya haɗa wa sanda ta ƙashin wata ƙatuwar dabbar teku da ɗan soso a kai, in ya ci abinci sai ya zura ya tura da kansa, haka ya rayu shekara da shekaru.

Akwai ma'aunin da muke amfani dashi, na Eckardt, abu huɗu ake ba maki daga 0 zuwa 3: wahalar haɗiya, dawowar abinci, ciwon ƙirji da rama. Shi wahalar haɗiya duk cin abinci, 3. Dawowa kullum, 2. Ciwon ƙirji kullum, 2. Ya zube kilo 9, shima 2. Jimla 9 cikin 12, alhali sai an dawo 3 ko ƙasa ake cewa magani yayi aiki.

Muka fara da leƙawa da kyamara. Wannan ba a tsallake shi ko da kowa ya tabbata akaleziya ce, saboda kansar da ke fitowa a bakin tumbi tana iya kwaikwayonta sak, musamman a wanda ya haura 55, ciwon bai daɗe ba kuma ramar tayi sauri. Mun tarar da yawu mai kumfa ya taru da ɗan ragowar abinci duk da ya kwana bai ci komai ba, ƙofar tumbi a tsuke kaman bakin jaka da aka ja zarenta, amma da aka ɗan danna sai kyamarar ta faɗa. Muka murɗa kanta baya muka duba bakin tumbin daga ciki, tas, babu ƙari. Abin da na gani da idona amma ban ba muhimmanci ba, bututun bai wani faɗaɗa ba, kuma ƙasansa yana ta damƙe kyamarar yana saki. Hoton bariyom, wato eksire da ake ɗauka bayan mutum ya sha wani farin ruwa mai fitowa a hoto, shima ya nuna bakin tsuntsun nan da aka sani, ƙasan ya tsuke siriri, bayan minti 5 bariyom ɗin na nan tsaye a bututun bai gama sauka ba. Nan ma bangon ba sumul yake ba, akwai ƴan lanƙwashe-lanƙwashe a ƙasa.

Gwajin da ke yanke hukunci shine manometiri, wani siririn tiyo ne mai na'urorin auna matsi da ake zurawa ta hanci har tumbi, a ba mutum ruwa ya haɗiya sau 10 a ga me tsokar ke yi. Lokacin namu injin ya lalace, sai muka tura shi wata cibiya. Ya dawo da takarda shafi ɗaya, matsin ƙofar lokacin haɗiya 28 alhali bai kamata ya wuce 15 ba, babu turawa ta ƙa'ida ko ɗaya, a ƙasa an rubuta akaleziya nau'i na 2. Tsarin Shikago ya kasa cutar gida uku. Na 1 bututun ya mutu murus baya motsi. Na 2 duk bututun ne ke ɗaukar matsi lokaci ɗaya daga sama har ƙasa. Na 3 kuma ƙasan bututun ke murɗewa da ƙarfi tun lokacin bai yi ba, su ne masu ciwon ƙirji sosai. Na karanta na 2, naji daɗi ma, dan shi yafi kowanne jin magani. Ban nemi hotunan gwajin ba.

Na zaunar dasu nayi musu bayanin abin da ke akwai. Ƙwayoyi irinsu nifedifin da ake sawa ƙarƙashin harshe kafin cin abinci, suna ɗan sassauta zoben amma ga ciwon kai da jiri, kuma ba sa zuwa ko'ina. Botox, allurar da ke kashe wa tsoka ƙarfi na ɗan lokaci, ita ce mafi sauƙi, ta cikin kyamarar ake zura allura a tsira wa zoben a kusurwa huɗu, jimla yunit 100, minti goma an gama mutum ya tafi gida. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake yinta, da farko tana aiki sosai, amma tsakanin wata 6 zuwa shekara take sakin mutum, in an maimaita kuma amfaninta raguwa yake, sannan tana barin tabo a ƙarƙashin tantani wanda ke wahalar da duk wanda zai zo yanka tsokar daga baya. Wannan ta tsoho ce mai ciwon zuciya ko huhu da bazai ɗauki allurar barci ba, ko wanda ake so a ɗan lallaɓa kafin babban aiki. Mai shekara 36 ba nashi bane, a minti ɗaya muka wuce ta.

Saura uku, balan-balan da ake hurawa a buɗa zoben, POEM wato yanka tsokar da kyamara ta baki, da tiyatar Heller wadda ita ma yanka tsokar ce. Ita Heller ba ta baki ake yinta ba, ta ƙananan huji a ciki ake shiga, amma dole a sata a lissafi dan ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita, tun 1913 da Ernst Heller ya fara yinta a Jamus. Da naji kalmar yanka ta fito daga bakina naga fuskarsa ta canza. Yace likita in dai akwai wanda ba sai an yanka ba a fara dashi. Ni kuma dama zuciyata na wajen balan-balan, ina da hujja a hannu: babban binciken Turai da ya fito a 2011, mutum 201, bayan shekara 2 balan-balan yayi nasara a kashi 86 cikin 100, Heller 90, bayan shekara 5 kuma 82 da 84, kusan kunnen doki. Da aka ware masu nau'i na 2 kaɗai ma balan-balan kashi 100 ya ci. To me ake jira? Na san ance samari maza ƴan ƙasa da 40 ciwon yafi saurin dawo musu bayan balan-balan, na faɗa masa hakan, amma da muryar wanda ya riga ya yanke shawara.

Aikin balan-balan ba irin buɗa hanyar da ake yi wa tabo bane, wannan da gangan ake so a yayyaga zaren tsokar. Ana zura waya har tumbi, a bi da balan-balan ɗin Rigiflex a kai, girmansa uku ne, milimita 30, 35 da 40, kuma komai iskar da ka bashi baya wuce faɗin da aka yi shi. A hoton eksire zaka ga zoben ya matse shi a tsakiya ya yi masa ƙugu, sai a dinga ƙara iska a hankali har ƙugun ya ɓace, a riƙe kaman minti ɗaya. Da muka zaro namu akwai ɗan jirwayen jini a jiki, wannan ba abin damuwa bane. Abin tsoron shine ɓulewar bututun, wanda ke faruwa a kusan 2 cikin 100, a binciken Turai ɗin ma 4 ne. Shi yasa da 30 ake farawa, su kansu masu binciken da 35 suka fara, da mutum 4 cikin 13 na farko suka ɓule sai suka canza tsari. Mun riƙe shi awa huɗu muna duba zazzaɓi da bugun jini da ciwon da baya lafawa, babu ko ɗaya, ya tafi. Bayan sati uku muka yi masa na 35.

Wata na farko kowa na murna. Kumfar dare ta ragu sosai, ya ƙara kilo 2, makinsa ya sauko 4. Amma in ka duba 4 ɗin nan 2 daga ciki ciwon ƙirji ne, ko gezau bai yi ba. Nace masa ai shi ciwon ƙirji dama shi yafi taurin kai zai bi baya, wanda gaskiya ne a wani fannin, amma ruwa baya tsami banza. Wata biyar ya dawo da gorarsa, maki 7.

Ranar zaman sashe na gabatar dashi, na ƙare da cewa shawarata a je na 40. Oga bai ɗago ba yace ina hotunan manometirin? Nace ranka ya daɗe rahoto kawai suka bamu. Yace rahoto ai ra'ayin wani ne, ni hoto nake so. Kwana huɗu muka yi kafin a turo su. Ya buɗe a kwamfuta ya kira ni, yace ƙirga min. Haɗiya shida daga ciki kam matsi ne ya cika bututun daga sama har ƙasa, irin na nau'i na 2, shi idon mai rahoton ya kama. Amma a sauran huɗun ga wani jan tabo nan a ƙasan bututun, tsokar ta damƙe da ƙarfi ƙasa da daƙiƙa 4.5 bayan haɗiya. Ƙa'idar kuwa a fili take, in irin wannan ya kai kashi 20 na haɗiyar, wato 2 cikin 10, to nau'i na 3 ne ko da sauran sun yi kama da na 2. Ya juyo yace ciwon ƙirji kullum, bututu bai faɗaɗa ba, yana damƙe maka kyamara, me kuma kake so ya yi, ya rubuto maka wasiƙa? Wallahi ranar kaman ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan lissafi ya juye gaba ɗaya. Balan-balan zoben kaɗai yake taɓawa, ɗan wurin da bai wuce santimita 3 ko 4 ba, shi kuwa wannan mutumin tsokar da ke murɗe masa ta hau sama fiye da santimita 10, ko ka buɗe ƙofa abinci bazai iso ta lafiya ba. A binciken Turai ɗin nan da nake tinƙaho dashi, masu nau'i na 3 balan-balan kashi 40 kawai ya yi wa aiki, Heller 86, duk da dai mutum 18 ne kacal a rukunin, bai kai a rantse akai ba, amma ya dace da abin da hankali zai baka. Na 40 ya fita daga zance, ƙarin haɗarin ɓulewa ne akan ƙaramar riba.

Gardamar da ta rage tsakanin POEM da Heller ce, kuma nan aka daɗe. Likitan tiyatar da ke zaman yace a bashi, dan in ya yanka tsokar yana naɗo kan tumbi ya yi wa ƙofar ɗan marfi, wanda ke rage hawan asid. Oga yace ta hujin ciki iyakar santimita 6 ko 7 zaka hau sama, wannan kuma 13 yake buƙata. Ita POEM, wadda Haruhiro Inoue ya fara yi wa ɗan adam a Yokohama ta Japan a 2008, inda ta fi kenan, tunda ta baki kake shigowa daga inda ka ga dama zaka fara yankan. Inda ta gaza kuma babu marfi, ƙofa a buɗe ake barinta.

Alƙaluman suma haka suka nuna. A 2019 manyan bincike biyu suka fito. Na farko mutum 133, POEM da balan-balan, bayan shekara 2 nasara kashi 92 da 54 cikin 100, amma ƙunar asid a bututun kashi 41 da 7. Na biyu mutum 221, POEM da Heller mai marfi, nasara 83 da kusan 82, ƙunar asid a wata 3 kuwa 57 da 20, a shekara 2 ta koma 44 da 29. Abin da nake so masu karatu su lura, kar wani ya ɗauki 54 ɗin nan ya ce balan-balan aikin banza ne. A wancan binciken iyakarsu 30 da 35, duk wanda ya buƙaci ƙari sai a rubuta shi ya faɗi, a na Turai kuwa an yarda a maimaita in ciwon ya dawo, shi yasa ɗaya yace 54 ɗaya yace 86 akan aiki iri ɗaya. Balan-balan dama magani ne na a yi a sake, wanda ya yarda da zirga-zirgar kuma nau'insa na 2 ne, musamman in ya manyanta, har gobe ni zan bashi shi ba tare da wani ɗar ba, ga shi baya barin mutum da asid sosai. Namu dai ba shi bane.

Ni na je na same su na faɗa musu abin da ya faru, ban ɓoye ba. Matar tayi shiru can tace to likita yanzu wannan ɗin kun tabbata? Nace Hajiya wannan karon da idonmu muka gani. Shi kuma tambayarsa ɗaya, za a tsaga min ciki? Nace a'a ta baki ne, amma yanka ne na gaske, kuma akwai yiwuwar ka dawo mai shan maganin asid kullum. Yace in dai zan haɗiyi ruwa kaman kowa na yarda.

Kwana biyu kafin aikin ruwa-ruwa kawai ya sha. Aka sa masa allurar barci cikakkiya da tiyon numfashi, dan abin da ya taru a bututun kar ya gangara huhu, muka zuƙe wurin tas muka wanke. Iskar kabon ake hurawa maimakon iskar gari saboda jiki na shanye ta da sauri in ta ɓalle inda bai kamata ba. Oga ya zaɓi wuri kaman santimita 15 sama da ƙofar, ya tsira ruwan gishiri mai shuɗin rini a ƙarƙashin tantani, wurin ya taso kaman bororo, ya tsaga kaman santimita 2, ya cusa kan kyamarar ciki. Daga nan rami ake haƙawa tsakanin tantani da tsoka, duniyar duk ta koma shuɗiya kaman auduga da aka jiƙa, tsokar na gefe ɗaya da zarenta a jere suna zagaye, tantanin na ɗaya gefen siriri wanda in ka ƙona shi ka jawo wa kanka aiki, dan shi kaɗai zai rage tsakanin abinci da cikin ƙirji. Duk jijiyar jinin da ta gitta sai a tsaya a ƙone ta kafin a wuce. Da muka iso zoben sai hanya ta matse, ga farin tabon da balan-balan ɗinmu biyu suka bari, rinin ya ƙi ɗaga wurin, nan kaɗai ya ci kusan minti ashirin oga na tafiya milimita milimita baya magana. Can sai ramin ya buɗe lokaci ɗaya, jijiyoyin jini suka canza kama suka yi kauri, alamar an shiga tumbi. Ya fito ya leƙa tumbin ta hanyar da aka saba, ga shuɗin nan ya bayyana santimita 2 zuwa 3 ƙasa da ƙofar. Sannan ya koma ramin ya fara yanka zaren tsokar masu zagaye tun daga sama, suna rabuwa kaman ana tsinka igiyoyi, santimita 13 a bututun, 2 a tumbi.

Ana cikin haka mai allurar barci yace matsin numfashi na hawa, muka yaye mayafi, ciki ya kumbura tam kaman ganga, iskar kabon ce ta ratsa. Aka soka allura a gefen ciki iskar ta fita da ɗan fito, komai ya daidaita, wannan abu ne da aka saba gani a POEM ba a ma lissafa shi matsala in an cire da wuri. Aka rufe bakin ramin da ƴan ƙananan kilif shida waɗanda da kansu suke faɗuwa daga baya. Da ya farfaɗo in ka taɓa gefen wuyansa sai kaji ƙaras-ƙaras kaman leda a ƙarƙashin fata, matar ta tsorata, kafin safiya ya baje. Washegari aka bashi ruwan hoto ya sha, babu yoyo, kuma ya zarce tumbi kai tsaye. Ya fara da ruwa, sati biyu yana abinci mai laushi, muka sallame shi da maganin asid safe da yamma.

Wannan dabarar ramin yanzu ta wuce akaleziya, tun 2013 ake yin irinta a ƙofar fita ta tumbi ga masu tumbin da baya sauke abinci da wuri, amma can sakamakon bai kai na nan tabbas ba, zancen wata rana ne.

Wata uku ya dawo kaman ba shi ba, kilo 6 ya ƙara, maki 1, ɗayan ma ciwon ƙirji ne da ke leƙo shi jefi-jefi. Na tambayi maganin asid yace ai likita tun wata na farko na ajiye, bana jin ƙwannafi ko kaɗan, me zan sha magani akai? Da a son ransa ne da ba a sake leƙawa ba, oga yace a'a, duk wanda aka yi wa POEM a hannuna sai na gani. Muka shiga, ga jajayen zane biyu a ƙasan bututun kowanne ya wuce milimita 5 amma ba su haɗe da juna ba, mataki na B kenan a ma'aunin Los Anjalis mai hawa huɗu. Gwajin asid na awa 24 ya tabbatar, yawanci da dare yake hawa in ya kwanta, kuma in ya hau daɗewa yake dan babu turawar da za ta maida shi.

Tsugune bata ƙare ba kenan. Masu akaleziya ba a yarda da bakinsu akan ƙwannafi, ta kowane ɓangare. Kafin magani da yawansu suna kukan ƙwannafi alhali ba asid ɗin tumbi bane, abincin da ya kwana a bututun ne ke tsami, abin da ya sa aka shekara uku ana ɗura wa wannan omefirazol kenan. Bayan magani kuma asid na gaske na ƙona su ba sa ji, dan jijiyoyin wurin dama ba lafiya gare su ba. In aka bar shi shekaru yana iya zama tabon da zai sake tsuke hanyar, ko tantanin ya canza zuwa abin da ake kira Barrett. Na juya allon na nuna masa hoton, nace Malam ga shi, wannan jan ba jiya ya fara ba. Ya daɗe yana kallo yace ikon Allah, kuma ni bana jin komai. Matar tace daga yau maganin a hannuna zai zauna.

Muka maida shi kan maganin sau biyu a rana na sati 8, a ɗaga kan gado, kar ya kwanta sai awa uku bayan cin abinci. Da muka sake leƙawa zanen sun warke, aka rage zuwa sau ɗaya da safe kafin ya ci komai. Likitan tiyatar nan da muka haɗu a baranda na bashi labari, yace da kun bani shi da yanzu baya shan komai. Oga da yaji yace da ka karɓe shi da yanzu yana nan yana riƙe ƙirji, har yau ba su daidaita ba. Abin da aka rubuta a fayil dai, a sake leƙawa bayan shekara ɗaya ko yana jin wani abu ko baya ji, in ƙunar ta dawo ta kai mataki na C duk da magani a tura shi a yi masa marfin ta ciki, sannan hotunan manometirin nan guda goma an buga su an maƙala a shafin farko.